Bayani kan katsewar intanet bayan sabunta manhajar Linux ta gwaji

Kafin a fitar da sabon zubi na babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, akan saki na gwaji domin masu rubuta manhaja su gano kurakuransa.

A fagen Linux, fitattu daga cikin irin waɗannan su ne Rawhide na Fedora, da Sid na Debian, da kuma zubin gwaji na Ubuntu, wanda ake fitar da kammalallensa a watannin Afrilu da Oktoba.

Matsalar da ta fi ci wa masu amfani da su tuwo a ƙwarya ita ce katsewar intanet bayan sabuntawa, domin ta intanet ɗin ne ake sauko da gyaran.

Sai dai akasari ba na'urar ce ta lalace ba. Wani suna ne ko tsari ya sauya, alhali tsohon saitin na nan yadda yake.

Sauyin suna

Shekaru da dama Linux na kiran katin sadarwa na waya eth0, na iska kuma wlan0.

A shekarar 2013 manhajar systemd ta ɓullo da tsarin raɗa wa katin suna bisa gurbin da yake a cikin kwamfutar, kamar enp3s0 ko wlp2s0. Ubuntu ta rungumi tsarin a 2015, Debian kuma a 2017.

Idan fayil ɗin /etc/network/interfaces na ambaton eth0 alhali katin ya sami sabon suna, kwamfutar za ta tashi ba tare da adireshin IP ba.

Umarnin ip link na nuna sunayen da ake amfani da su. Daga nan sai a gyara fayil ɗin, ko a sanya net.ifnames=0 a saitin GRUB domin dawo da tsoffin sunayen.

Wa ke riƙe da ragama?

Manhajoji da dama ne ke iya kula da sadarwa, ciki har da ifupdown da NetworkManager da systemd-networkd, kuma sabuntawa kan miƙa ragamar daga wannan zuwa wancan.

A Debian, NetworkManager kan ƙyale duk katin da aka ambata a /etc/network/interfaces.

Ita kuwa Ubuntu, tun 2017 ta koma kan Netplan, wanda ke ajiye saitinsa a /etc/netplan. Tazarar da ke farkon kowane layi na da ma'ana a waɗannan fayiloli, don haka kuskuren gurbi ɗaya kan sa a ƙi karɓar saitin.

Umarnin netplan try na gwada sabon saiti, sannan ya koma kan tsohon bayan daƙiƙa 120 idan ba a tabbatar da shi ba. Hakan na da muhimmanci ga mai gyara kwamfutar da ke nesa da shi.

Matakan bincike

Ana bin matsalar ne daki-daki, daga ƙasa zuwa sama.

Da farko a duba ko kwamfutar na ganin katin. Idan bai fito a ip link ba, mai yiwuwa ƙaramar manhajar da ke sarrafa shi ce babu, kuma umarnin dmesg kan faɗi sunan fayil ɗin da ya ɓata. Debian ta ware wa irin waɗannan fayiloli sashe na daban mai suna non-free-firmware a 2023, wanda sai an ƙara shi a jerin wuraren da ake sauko da manhaja.

Sai a duba adireshi da ip address, a kuma duba ƙofar fita da ip route.

Bayan haka a gwada ping 8.8.8.8. Idan an sami amsa amma shafuka ba sa buɗewa, to matsalar ta DNS ce, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa lamba. A Ubuntu, fayil ɗin /etc/resolv.conf kan nuna 127.0.0.53, kuma resolvectl status na bayyana inda ake aika tambayoyin.

Darasin shekarar 2008

Akwai lokacin da lamarin ya wuce saiti. A watan Satumban 2008, wani kuskure a zubin gwaji na zuciyar Linux mai lamba 2.6.27 ya riƙa ɓata bayanan da ke ajiye a cikin wasu katunan Intel masu amfani da e1000e.

Katunan da abin ya shafa sun daina aiki ko da an koma tsohuwar manhaja, lamarin da ya sa Ubuntu ta dakatar da e1000e a zubinta na gwaji har aka gano musabbabin.

Shi ya sa masu kula da waɗannan manhajoji ke gargaɗin kada a ɗora zubin gwaji a kan kwamfutar da ake dogaro da ita wajen aikin yau da kullum.

Kafin sabuntawa, yana da kyau a kwafi fayilolin saiti, a bar tsohuwar zuciyar manhajar domin a iya zaɓarta a GRUB, a kuma tanadi wayar salula da za a iya jonawa ta USB a sami intanet na wucin gadi.