Kare da Kyanwa a Tarihi: Ƙauna Ce Ko Kwaɗayin Tuwo?

Bahaushe ya ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta. A wannan karin magana ya taƙaita yadda yawancinmu muke kallon dabbar gida: rago don suna da layya, kare don gadi da farauta, kyanwa don maganin ɓera. Shi ya sa idan ɗan zango a Akara, Kumasi, Yawunde ko Njamena ya ga maƙwabci ya ɗauki karensa zuwa wurin likitan dabbobi, ko ya ga wata tana hawaye don kyanwarta ta mutu, sai ya yi murmushi ya ce al'adar Turawa ce, ko kuwa aikin wanda ya ƙoshi. Wani ma ya ƙara da cewa dabba ba ta san so ba, cikinta kaɗai ta sani. To amma wannan gardama ta girmi Turawan zamani da dubban shekaru, kuma malaman Musulunci na da sun tsoma baki a cikinta sosai. Bari mu bi sawunta tun daga tushe.

A shekarar 1914 wasu masu fasa dutse a Obakasel, kusa da birnin Bon na ƙasar Jamus, suka tono wani kabari mai ɗauke da ƙasusuwan namiji da mace da kare. Shekarun kabarin sun kai kimanin 14,000, wato tun kafin ɗan Adam ya fara noma. Da masana suka sake nazarin haƙoran karen, sakamakon da suka fitar a 2018 ya nuna kwikwiyo ne ɗan wata 7, kuma ya yi makonni yana fama da wata muguwar cuta, dangin ƙyanda, wadda ke kashe 'yan kwikwiyo cikin hanzari. Ba zai yi wannan tsawon rai ba sai da wanda ke ɗumama shi, yana goge masa jiki, yana ba shi ruwa. Kwikwiyo majinyaci ba ya farauta, ba ya gadi. Duk da haka an yi jinyarsa, da ya mutu kuma aka kwantar da shi tare da mutane.

Labarin kyanwa ma haka yake. A 2004 masana daga Faransa suka bayyana wani kabari a tsibirin Kubrus mai shekara 9,500, inda aka binne mutum da kayan adonsa, ga kuma kyanwa 'yar wata 8 a gefensa, tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba. Asali babu kyanwa a wannan tsibiri, a jirgin ruwa aka tsallako da ita. Yadda aka fara zama da ita kuwa ba boyayye ba ne ga wanda ya san rumbu: hatsi ya jawo ɓera, ɓera ya jawo muzurun daji, manomi ya ga amfaninsa ya ƙyale shi. Amfani ne ya haɗa su, daga baya sabo ya shiga.

Mutanen da ba su tsaya ga sabo ba, har ɗaukaka dabba suka yi zuwa matsayin tsarki. A tsohuwar Masar ana danganta kyanwa da gunkiyar da suke kira Bastet, wadda babban ɗakin bautarta ke Bubastis, kusa da Zagazig ta yau. Masanin tarihin Girka, Hirodotus, wanda ya rubuta labarin Masar a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ce in kyanwa ta mutu a gida, mutanen gidan kan aske girarsu don makoki, in kare ne kuma su aske kai da jiki duka. Sai dai a lura, tsarkakewa daban take da tausayi. Hotunan da aka ɗauki cikin gawarwakin kyanwoyin da Misirawa suka naɗe da ƙyalle sun nuna da yawansu ƙanana ne, an karya musu wuya, domin kiwonsu ake yi a sayar wa masu ziyara su miƙa hadaya. A 1888 aka gano wata makabartarsu a Bani Hasan, aka loda kimanin tan 19 na gawarwakin zuwa Libaful ta Ingila, aka yi gwanjonsu a matsayin taki.

Batun waraka ma tsoho ne. A birnin Isin na tsohuwar Iraƙi, kare ne alamar Gula, gunkiyar da suke nema wa lafiya a wurinta, kuma an tono kaburburan karnuka fiye da 30 a harabar ɗakinta. A Efidaurus ta Girka, inda majinyata kan kwana suna jiran waraka, rubutun da aka sassaƙa a dutse ya ambaci yaro makaho da aka ce ya warke bayan wani karen wurin ya lashi idonsa. Wannan imani ne na mutanen wancan zamani, ba magani ba ne, domin miyan kare na iya ɗaukar ƙwayoyin cuta. Abin da yake nunawa kawai shi ne tun can mutane sun lura majinyaci kan sami sauƙin zuciya idan dabba na kusa da shi.

Da Musulunci ya zo, ya rushe bautar dabba, amma ya kafa mata haƙƙi. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi ba a san shi da sunan yanka ba kamar yadda aka san shi da laƙabin Abu Huraira, saboda 'yar kyanwar da yake yawo da ita. Muwaɗɗa ta Imam Malik, littafin da malaman zaurenmu ke karantarwa har gobe, ta kawo hadisin Abu Ƙatada wanda ya tabbatar kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da komo a tsakanin mutanen gida. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta don ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba, har ta mutu. Sun kuma ruwaito na mutumin da aka gafarta masa don ya shiga rijiya ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da kare mai ƙishirwa. Akwai kuma ƙanen Anas ɗan Malik, yaron da ake kira Abu Umair, wanda ɗan tsuntsunsa ya mutu ya shiga damuwa. Manzon Allah (SAW) bai raina baƙin cikin yaron ba, tambayarsa ya riƙa yi labarin tsuntsun cikin raha da lallashi.

Game da kare, gaskiya ne hadisi ya taƙaita ajiye shi ga farauta da tsaron dabbobi da gona. Amma a mazhabar Malikiyya, wadda akasarin Hausawa ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau 7 bayan ya sa baki kuwa bin umarni ne na ibada. Alƙur'ani da kansa ya ambaci karen Ashabul Kahfi kwance a bakin kogo, kuma duk inda aka lissafa adadin samarin sai an ambace shi tare da su. A Bagadaza, Ibnul Marzuban, wanda ya rasu a shekarar 921 Miladiyya, ya wallafa littafi guda a kan fifikon karnuka bisa da yawa daga masu sanye da tufafi. Ya tara labaran amanar kare ne don ya kunyata mutanen zamaninsa masu cin amanar aboki. A Alƙahira kuma Sarki Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu don ciyar da kyanwoyin da ba su da mai su. Baturen nan Edward Lane, da ya zauna a birnin wajen shekarun 1830, ya tarar har lokacin ana raba musu abinci kowace la'asar a farfajiyar kotun babban alƙali. Saboda haka wanda ya ce tausayin kyanwa kayan aro ne daga Turai, bai leƙa tarihin gidansu ba.

Shigar dabba cikin aikin asibiti ta zo daga baya. A 1796 William Tuke ya buɗe gidan kula da masu taɓin hankali a York ta Ingila, a zamanin da ake ɗaure irinsu da sarƙa. Shi kuwa ya saki zomaye da kaji a farfajiya, domin majinyaci ya sami abin da zai kula da shi. Florence Nightingale, uwar aikin jinya na zamani, ta ba da shawarar a ajiye wa mai doguwar jinya 'yar ƙaramar dabba ta ɗebe masa kewa. A Amurka wani likitan halayyar yara, Boris Levinson, ya lura wani yaro da ya ƙi yi masa magana ya saki jiki da karensa mai suna Jingles, ta nan aka sami ƙofar shiga zuciyar yaron. Ya buga bayanin haka a 1962, abokan aikinsa da dama suka yi masa dariya. A 1980 Erika Friedmann da abokanta suka bi lafiyar mutum 92 da aka kwantar saboda ciwon zuciya, tsawon shekara guda. Cikin 53 masu dabba a gida, 3 ne suka rasu. Cikin 39 marasa dabba, 11 suka rasu. Adadin mutanen kaɗan ne, kuma binciken da ya biyo baya bai zo da sakamako iri ɗaya ba kullum, don haka ba a ce dabba magani ce ba. Abin da aka fi yarda da shi shi ne tana rage kaɗaici, tana sa mai ita ya motsa jiki, tana ba shi dalilin tashi da safe.

Duk wannan amfanin mutum ne. Ita dabbar fa, me ke zuciyarta? Labarin da aka fi kafa hujja da shi na Hachiko ne, karen wani malamin jami'a a Tokyo, Farfesa Ueno. Kullum da yamma yakan je tashar jirgin ƙasa ta Shibuya ya tarbi maigidansa. A watan Mayu na 1925 malamin ya rasu a wurin aiki, amma karen bai daina zuwa tashar ba har ya mutu a watan Maris na 1935, kusan shekara 10. An kafa masa mutum-mutumi tun yana raye, a 1934. Masu shakka sun ce tsiren kaza da masu sayarwa ke ba shi ne ke kawo shi, kuma lallai an sami tsinkayen tsire a cikinsa bayan ya mutu. Sai dai shekarunsa na farko a tashar kora da tsangwama ya fi sha, kafin wata jarida ta buga labarinsa a 1932 mutane su fara tarairayarsa.

Masana kimiyya sun gwada raba gardamar da awo. A 2015 masu bincike a Jami'ar Azabu ta Japan suka gano idan kare da maigidansa suka daɗe suna kallon juna, sinadarin oksitosin na ƙaruwa a jikinsu duka biyu. Shi ne sinadarin da ke ƙulla shaƙuwa tsakanin uwa da jaririnta. Da aka gwada da kyarketai da mutanen da suka rene su, ba a ga haka ba. A 2016, a Jami'ar Emory ta Amurka, aka koya wa karnuka kwanciya cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, aka auna yadda suke amsa yabon mai su da yadda suke amsa abinci. Biyu kacal suka fifita abinci, sauran ko dai sun fi son yabo ko sun ɗauke su daidai. Kyanwa ma, wadda ake zargi da rashin amana, an gwada ta a 2019 a Jami'ar Jihar Oregon: a bar ta ita kaɗai a baƙon ɗaki na minti 2, sannan mai ita ya dawo. Kusan kashi 65 cikin 100 sun natsu da dawowarsa suka ci gaba da harkarsu, adadin da ya yi kusa da abin da ake samu a gwajin jarirai da iyayensu mata.

Shin wannan so ne? A nan Hausa ta fi wasu harsuna sauƙaƙa mana, domin ta bambanta sabo da shaƙuwa da so da ƙauna. Babu na'urar da ta taɓa nuna abin da dabba ke ji a ranta, kuma babu hujjar cewa tana tunanin alkawari ko sadaukarwa irin na ɗan Adam. Amma cewa tana bambanta mai ita da baƙo, tana damuwa in ya tafi, tana natsuwa in ya dawo, tana nemansa ko ba ta jin yunwa, wannan ya tabbata. Shaƙuwa ke nan. Cewa da abinci aka fara bai rushe ta ba, don jariri ma da nono ya fara sanin uwarsa. Maharbin da karensa ya tsaya masa gaban gyado, da Bafillacen da saniyarsa ke amsa kiransa cikin garke, sun san haka tun kafin jami'o'i su auna.

Akwai haddi da ya kamata a kiyaye. Dabba ba ta maye gurbin likita, ba ta maye gurbin zumunci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Wanda ya ajiye kare, wajibinsa ne ya yi masa rigakafi. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya garzaya asibiti, kada ya tsaya jiran alamu, domin in sun bayyana da wuya a tsira.

Sai kuma namu laifin. A unguwanninmu da yawa yara na jifan kare don nishaɗi manya na kallo, ana kashe baƙar kyanwa da zargin maita ko aljanu, ana ɗaure karen gadi cikin rana babu ruwa. Wannan bai samo asali daga karantarwar Abu Huraira ko ta Imam Malik ba. Ba a ce kowa sai ya ajiye dabba ba, ba a kuma ce a fifita ta bisa maƙwabci mai jin yunwa ba. Amma wanda ya ajiye ta ya ɗauki amana, wanda bai ajiye ba kuma ya hana ɗansa jifa. Mu da muke zaune cikin wasu al'ummu, ana karanta addininmu da al'adarmu ta halinmu, har da yadda muke yi da kyanwar da ta shigo tsakar gida. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, ko da kuwa a kan mai ƙafa huɗu ya sauka.