Sule Biyar Kuɗin Fansa: Shekarun Da Aka Kama Marasa Aure A Ƙasar Asante

Goggona ta ba ni wa'adi zuwa Babbar Sallah. Da hantsi ta zo shagona a Alabar, ta zauna kan benci, ta jira na sallami mata biyu masu sayen atamfa, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, shekara talatin da shida ba wasa ba ce. Bawan Allahn nan ya aiko sau uku. Ko ki ce e, ko ki ce a'a, amma ki daina sa muna sunkuyar da kai a gidan suna." Na ce, "To Goggo, na ji." Ta sha ruwa ta tafi, ni kuwa ranar ban ƙara gane lissafin ciniki ba.

Mutumin ba shi da aibu da zan nuna da yatsa. Yana da sallah, yana da sana'a, 'yan'uwansa mutanen kirki ne. Magana ɗaya ce ta tsaya mini a wuya. Ya ce idan an ɗaura aure sai in rufe shagona, mu haɗa jari, in koma kula da nasa a Kejetia, tunda ya fi girma. Da dare na rasa barci, sai na tashi na binciko wata maƙala da na karanta tun ina ɗalibar tarihi, wadda Jean Allman ta wallafa a 1996 a kan wani abu da ya faru a nan ƙasar Asante, ƙasar da kakanninmu fatake ke kiran mutanenta Tonawa. A wancan lokacin don jarrabawa na karanta ta. Yanzu sai na ga kamar da ni ake.

Tsakanin 1929 da 1933, sarakunan wasu garuruwan Asante, ciki har da Effiduase da Asokore da ke gabas da Kumasi, suka ba da umarni a kama duk macen da ta haura shekara goma sha biyar ba ta da miji. Dogarawan fada su bi gida gida su kwaso su, a zuba su a ɗaki ɗaya a gidan sarki. Ba a sakin mace sai ta ambaci sunan namijin da ta yarda ta aura. A aika a kira shi. In ya amsa, ya biya sule biyar kuɗin fansa ya tafi da ita, daga baya ya je ya ga danginta. In ya ƙi, a ci shi tara. Can yamma ma, a Sefwi Wiawso, majalisar sarki ta fitar da irin wannan doka a 1929, ana tsare matan a farfajiyar fada har sai wani namiji ya zo ya biya sule biyar ya karɓe su.

Da Turawan mulki suka nemi jin dalili, sarakunan suka ce karuwanci ne ya yi yawa, ciwon sanyi yana yaɗuwa, tarbiyya ta lalace. Wannan amsa ba baƙuwa ba ce a kunnenmu, har gobe ita ake bayarwa. Amma ruwa ba ya tsami banza. Me ya sa sai a waɗannan shekaru, kuma me ya sa a garuruwan da ake noman koko?

Koko nake nufi na itace, wanda ake yin cakulan da shi, ba wanda muke sha da ƙosai ba. Tetteh Quarshie ya kawo irinsa daga tsibirin Fernando Po a 1879, ya shuka a Mampong ta Akuapem. Kafin shekarar 1911 ta fita, ƙasar nan ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da shi. Jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, don haka duk wanda ke da daji a Asante ya ga hanyar arziki. Sai dai gonar koko tana cin ƙarfi kafin ta ba da komai. A sare daji, a shuka, a jira wajen shekara biyar kafin itacen ya fara 'ya'ya. A tsawon wannan jira ana shuka ayaba da gwaza a tsakanin ƙananan itatuwan, su yi musu inuwa, su kuma ciyar da gida. Wa ke wannan noman? Wa ke nome ciyawa, ya ɗauko kaya a ka daga gona zuwa bakin hanya? A da bayi ne da mutanen da aka ba da jingina. Turawa suka haramta bauta a Asante a 1908. Da wannan ƙofa ta fara rufuwa, sai nauyin ya dawo kan matar aure da 'ya'yanta.

A nan ne gizo ke saƙar. Asante ta wajen uwa suke lissafin dangi, ta nan kuma gado ke bi. Idan magidanci ya mutu, gonarsa ta ɗan'uwansa ce ko ɗan 'yar'uwarsa. Matar da ta yi shekara ashirin tana sunkuye a cikin gonar ba ta da haƙƙi tabbatacce a kanta, 'ya'yan da ta haifa masa ma haka, sai in ya yi musu kyauta da ransa a gaban shaidu, dangi kuma suka amince. A zamanin da gona ta abinci ce, a shuka bana a cinye bana, wannan tsari bai cika cutar da kowa ba, tunda abin da ta noma ita ma ta ci. Amma itacen koko yana shekara talatin ko fiye yana ba da kuɗi. Ta shuka, wani ya zo ya girba har tsufansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Matan ba su yi zanga-zanga ba, ba su rubuta takardar koke ba. Lissafi suka yi. Mace tana iya samun fili a wajen danginta na uwa ta shuka nata kokon. Tana iya sayar da dafaffen abinci ga 'yan ƙwadago, waɗanda da yawansu daga arewa suka gangaro, ko ta kama fataucin ayaba zuwa Kumasi tunda motoci sun fara shiga ƙauyuka. Wadda aurenta ya mutu sai ta ƙi gaggawar yin wani. Wadda ba ta yi ba sai ta jinkirta. Ga shi kuma a 1929 kasuwar duniya ta faɗi, farashin koko ya rushe, samari da yawa ba su da abin ɗaukar nauyin mace. To namijin da ba zai iya ba ki kuɗin cefane ba, amma yana son ki yi masa noma kyauta, me za ki je yi gidansa? Ni a ganina wannan ita ce tambayar da ta tsorata fada, ciwon sanyi mayafi ne kawai aka lulluɓa mata. Kada kuma a manta kotunan sarakuna a ƙarƙashin Turawa da tara da kuɗin shari'a suke rayuwa. Kowace mace sule biyar, ai ba ƙaramar shiga ba ce a shekarar da koko ba ya kuɗi.

Abin da ya fi ba ni dariya, ya kuma fi sanyaya mini rai, shi ne yadda wasu matan suka fita daga ɗakin. Allman ta zauna da tsofaffin da abin ya faru a idonsu, kuma daga bakinsu aka ji cewa akwai wadda za ta ambaci sunan wani da ta sani, ta ba shi sule biyar ɗin daga ɗaurin zanenta, ya je ya biya, a sake ta, kowa ya kama gabansa. Fada ta karɓi kuɗinta, ba ta bin sawu ta ga ko an yi auren. Wato wadda ke da nata kuɗin ta sayi 'yancinta da hannunta, wadda ba ta da shi ita ce ta bi mijin da ba ta shirya masa ba. Cikin 'yan shekaru kamen ya mutu. Rigimar gado kuwa ta daɗe a kotuna, sai a 1985 gwamnatin Rawlings ta kafa doka mai lamba 111 da ta yanka wa mata da 'ya'ya kaso a dukiyar mamacin da bai bar wasiyya ba. Fiye da shekara hamsin ke nan bayan an kulle matan Effiduase.

Na san mai karatu daga Zango zai ce wannan ai labarin Tonawa ne, mu Musulunci ya riga ya raba mana gardama. Gaskiya ne, a shari'a dukiyar mace tata ce, sadakinta nata ne, tana da tumuni a gadon miji in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu. Ban kuma taɓa jayayya da cewa aure sunna ce ba, ina son sa, kaɗaicin dare ba abin alfahari ba ne. Amma shari'a tana kare dukiyar da aka san ta mace ce. Jarin da ya narke a cikin shagon miji, babu takarda, babu shaida, ranar rabon gado sunansa dukiyar mamaci. Na ga haka da idona a gidanmu. Innata ta sayar da sarƙarta da akwatunan zannuwanta aka ƙara a cinikin goro, da mai gidan ya rasu ta raba tumuni da kishiyoyi biyu, ba wanda ya tuna da sarƙa.

Mu ma fa muna da namu kamen. A Kano, cikin watan azumi, Nalako kan fito da igiya yana kamun gwauro, ana kiɗa ana dariya. Na maza wasa ne, a yi tashe a watse, gobe gwauro ya koma kasuwa da rawaninsa. Na mata ba a yin sa da igiya, da baki ake yi. Dubi kalmomin da muke da su: budurwa, matar aure, bazawara mai jiran wani auren. Macen da ta kama ɗaki ita kaɗai tana cin guminta, kalmar da aka daɗe ana jefa mata kowa ya san ta, ko da kuwa ba ta taɓa kallon namiji ba. Wannan kalma ce Goggo ke tsoro, ba shekaruna ba, kuma ban ga laifinta ba, don ita ke zama a gidan suna tana jin abin da ake faɗa.

Shekaranjiya na kira yayana na ba shi saƙo ya kai. Na ce a gaya wa mutumin na amince da shi, ban amince da rufe shago ba. In yana son mu haɗa jari, a rubuta abin da na zuba, liman da waliyyina su sa hannu, shagon Alabar kuma ya ci gaba da zama da sunana. Yaya ya daɗe yana kallona, ya ce, "Ƙanwata, kin san zai iya fasawa?" Na ce na sani. Ya ce, "Goggo fa?" Na ce ni zan je in gaya mata da bakina.

Har yanzu amsa ba ta zo ba. Sallah saura kwana goma sha tara, kuma jiya dilar atamfar da na yi oda daga Ankara ta iso, na biya kuɗin mota sidi tamanin, na jera ta a kanta.