Tsohuwar kwamfuta, sabon Windows: tarihin wata gardama

Idan ka taɓa shiga shagon buga takardu a Makarfi, ko Ikara, ko Hunƙuyi hedikwatar Kudan, to da wuya ba ka ci karo da Windows 7 ba. Kamfanin Microsoft ya daina kula da shi tun 14 ga Janairu 2020, amma yana nan yana buga katin biki da takardar neman aiki. Ka ce wa mai shago ya sabunta, sai ya ce maka, "Abin da ke aiki, me ya sa zan taɓa shi?" Kada ka yi saurin cewa jahilci ne. Maganar tana da tarihi.

Windows XP ya fito a Oktoban 2001, shekarar da wayar GSM ta shigo Nijeriya. Yawancin kwamfutocin da suka iso mana a waɗannan shekaru ba sababbi ba ne. Kwance ne daga Turai da Amurka, wato tokumbo, su sauka a Legas, su bi ta kasuwar Computer Village ta Ikeja, sannan su hauro Kano da Zariya. A 2005 ƙungiyar Basel Action Network ta ƙiyasta cewa kwantena kusan 500 ta tsofaffin kayan lantarki ke shiga Legas duk wata, kuma kaso mai yawa ba ya ko gyaruwa. Ka ga ke nan, tun farko mun saba karɓar na'ura bayan ta ci rabin rayuwarta a wani wuri. Ranar da kamfani ya ce ta tsufa, mu a nan ba mu daɗe da biyan kuɗinta ba.

Gardamar ta taɓa kaiwa har sama. A 2007 an ƙulla cinikin ƙananan kwamfutocin Classmate guda 17,000 domin makarantun Nijeriya, ɗauke da manhajar Linux ta kamfanin Mandriva na Faransa. Sai labari ya fito cewa za a goge ta a ɗora Windows. Shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta wa Steve Ballmer na Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa yana ƙorafi, abin ya zama surutu a duniya. Wato zaɓen manhaja ba harkar injiniyoyi kaɗai ba ce, akwai kuɗi da kasuwa a ciki.

To, mu dawo kan mai shago. Hujjarsa ta farko firinta ce. Kowace firinta tana buƙatar 'yar manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, wadda ake kira direba. Idan masu firintar ba su yi wa sabon Windows direba ba, shi ke nan, lafiyayyen inji ya zama kayan ado. Ta biyu ta fi shafar mu Hausawa. Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, haruffan ɓ, ɗ da ƙ sai da font na musamman, irin su Rabi'at da Abdalla da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar a shekarun 1990. Buɗe tsohon fayil a kwamfutar da ba ta da font ɗin, sai ka ga ƙugiyoyin sun rikiɗe sun koma wasu alamomi. Wanda ya tara rubutun shekara ashirin, ai dole ya ji tsoro.

Amma fa masu cewa a sabunta su ma ba wasa suke ba. A 12 ga Mayu 2017 cutar WannaCry ta kulle fayilolin kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har asibitocin Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Abin takaicin, Microsoft ya riga ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris, mutane ne ba su ɗora ba. Lamarin ya yi munin da sai da kamfanin ya koma ya yi wa XP faci, alhali ya yaye shi tun Afrilun 2014.

A ganinmu, tambayar da ta kamata ka yi ita ce: wannan kwamfutar tana hawa intanet? Wadda aikinta CorelDRAW ne kawai, tana iya daɗewa a haka, in dai ana kaffa-kaffa da filashin da kwastomomi ke kawowa. Amma wadda ake cike fom ɗin ɗalibai da ita, ake shigar da lambar NIN da bayanan banki na mutane, barinta kan Windows 7 kasada ce da sirrin wasu, ba naka kaɗai ba.

Yanzu kuma an sake zuwa mararraba. Kulawar Windows 10 ta ƙare a 14 ga Oktoba 2025, shi kuwa Windows 11 yana neman guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da furosesa na baya-bayan nan, a wajen Intel daga zubi na takwas zuwa sama. Laftof da yawa da ɗaliban kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris a Makarfi za su iya saye da kuɗin aljihunsu ba su kai nan ba, ko da kuwa ƙalau suke. Akwai hanya ta uku, wato ɗora Linux irin su Ubuntu ko Mint, kyauta ne kuma ana sabunta su. Sai dai CorelDRAW ba ya hawa kansu kai tsaye, kuma ka fara tambayar mai gyaran unguwarku ko ya taɓa ɗora shi.