SA'AD DA BANGASKIYAR BINGHAM TA GIRGIZA

Yau za mu ba ku labarin wani mutum wanda ya yi shakka, ya kuwa daɗe cikinta, amma Allah bai yashe shi ba.

Ran 4 ga watan Disamba na shekara ta 1893 waɗansu samari uku suka sauka Ikko daga jirgin ruwa. Sunansu Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. Kent mutumin Amurka ne, sauran biyun daga Kanada suka taso. Nufinsu su kai bishara ƙasar Sudan. A zamanin nan Turawa suna kiran dukan ƙasashen da ke kudu da hamada Sudan, har da ƙasar Hausa da Barno. Babu wata babbar jam'iyya da ta aiko su, guzurinsu kuma kaɗan ne. Wani babban mai wa'azi a Ikko ya ce musu ba za su ga ƙasar nan da idonsu ba, ko 'ya'yansu ma, sai dai watakila jikokinsu.

Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kama Bingham, sai ya zauna Ikko domin ya riƙa aika wa 'yan'uwansa kaya. Su biyun suka nufi arewa. Cikin 1894 Gowans ya rasu a Girku, ƙasar Zazzau. Kent kuma ya rasu a Bida cikin shekarar nan. A 1895 Bingham ya koma Kanada shi kaɗai, ba riba, ba uwar kuɗi.

Nan ne shakka ta shige shi. Gama sa'ad da ya fita ya ɗauka Littafi Mai Tsarki ya yi alkawari cewa mai bi ba zai rasa warkewa ba in ya roƙa da bangaskiya. To, ga mutum biyu masu tsoron Allah, sun yi addu'a, sun mutu. Ya tambayi kansa, ko alkawarin Allah ya faɗi ne? Ko Littafin maganar mutane ce kawai? Wata da watanni yana fama da wannan a zuciyarsa. Shi da kansa ya rubuta labarin daga baya, bai ɓoye ba.

Ku duba abin da ya yi. Falke in ya yi shakkar zinariyar da ke hannunsa, ba ya jefa ta rijiya, wurin maƙerin farfaru ya ke kai ta a gwada. Haka Bingham ya koma cikin Littafin ya bincika. Sai ya ga Bulus manzo ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa wata ƙaya a jikinsa, ba a cire ba, aka ba shi alherin jimrewa. Ya gane abin da ya karye fassararsa ce, maganar Allah tana nan daram. Ya kuma gane magani kyautar Allah ne, shansa ba rashin bangaskiya ba ne. Uwar Gowans ma ta ƙarfafa shi. Ta ce gara ɗanta ya mutu can cikin biyayya ga Ubangijinsa da ya zauna gida cikin rashin biyayya.

A 1900 Bingham ya sake zuwa Ikko da abokai biyu. Cikin makonni kaɗan zazzaɓi ya sake kayar da shi, aka ɗauke shi zuwa jirgi. Abokansa suka karai, suka bi bayansa. Faɗuwa ta biyu ke nan.

Amma sannu ba ta hana zuwa. Tun 1897 wani likita, Ronald Ross, ya gano a ƙasar Hindu cewa sauro ne ke kawo zazzaɓin nan. Mutane suka ƙara sanin amfanin kwinin da gidan sauro. Ayari na uku ya zauna Patigi, ƙasar Nufe, a 1902. Daga nan aiki ya bazu. A 1924 ya kai Damagaram. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, aikin mutane da yawa, cikinsu har da Likita Miller na Zariya da Likita Stirrett. Bingham ya rasu a 1942. Bayansa aka buɗe asibitin Galmi a ƙasar Nijar a 1950, inda dubban marasa lafiya suka sami taimako.

Ya ɗan'uwana, kai ma watakila ka yi addu'a a kan ɗanka mai ciwo, ya rasu. Ke 'yar'uwa, watakila jarinki ya karye, kin roƙa, ba ki ga amsa ba, maƙwabta kuma suna cewa ina Allahnki. Kada ku ɗauka shakka ta fitar da ku daga hannun Ubangiji. Yohanna mai yin baftisma, yana kurkuku, ya aika a tambayi Yesu ko shi ne mai zuwan. Yesu bai tsauta masa ba, sai ya ce a je a gaya masa ayyukan da a ke gani. Ku karanta wannan cikin Matta sura 11. Toma ma ya yi shakka, Yesu ya nuna masa hannuwansa.

Shakkar da a ke ɓoyewa ita ce mai cin mutum kamar gara cikin azara. Ka fito da taka. Ka faɗa wa Allah cikin addu'a, ka buɗe Littafin, ka zauna da wani dattijon mai bi ku duba abin da Allah ya alkawarta da gaske. Bai ce ba za ka yi hasara ba. Ya ce ba zai bar ka ba, ya kuma ba da Ɗansa ya mutu ya tashi dominka.

Allah ya ba mu bangaskiya mai jimrewa. Amin. Sai wani mako.