Daga Nikiya zuwa Wusasa: Yadda Aƙidar Allahntakar Yesu ta Iso Ƙasar Hausa

A Babban Mutum, can bakin iyakar Najeriya da Nijar cikin masarautar Daura, ko almajirin da bai yi nisa a allo ba ya san Annabi Isa ɗan Maryamu, wanda aka haifa ba uba, ya warkar da makafi da kutare da izinin Allah. Inda hanya ta rabu tsakanin Musulmi da Kirista shi ne matsayinsa. Musulmi na cewa bawan Allah ne kuma manzonsa. Kirista na cewa Yesu Almasihu Ɗan Allah ne, Mai Ceto, wanda allahntaka da mutuntaka suka haɗu a gare shi. Wannan aƙida tana da dogon tarihi, kuma 'yan Afirka na cikin waɗanda suka fi shan gumi a kanta.

Almajiran Yesu na farko Yahudawa ne masu kaɗaita Allah. Duk da haka, wasiƙun Bulus, waɗanda aka rubuta wajen shekara ta 50 zuwa 60 miladiyya, sun nuna tun a lokacin ana kiran Yesu Ubangiji, ana roƙo da sunansa. Wajen shekara ta 112 wani gwamnan Rumawa mai suna Filini ya kai wa Sarki Tarajan rahoto cewa Kiristoci kan taru kafin gari ya waye suna rera wa Almasihu waƙa kamar yadda ake yi wa abin bauta. Ibada ce ta riga bayani zuwa. Tambayar da ta rage wa malamansu ita ce: in Allah ɗaya ne, ina matsayin Yesu?

Rigimar ta ɓarke a Iskandariyya ta Masar wajen 318. Wani limamin coci, Ariyus, mutumin Libiya, ya koyar cewa Ɗan halittacce ne, mafi ɗaukaka cikin halittu, amma yana da farko. Bishop ɗin birnin ya ce atafau Ɗan ba shi da farko. Da gardama ta nemi raba daular Rumawa, Sarki Kustantin ya tara bishop-bishop a Nikiya, garin Iznik na Turkiyya a yau, a shekara ta 325. Taron ya yanke cewa Ɗan haifaffe ne, ba halittacce ba, kuma zatinsa ɗaya da na Uba. Bishop biyu 'yan Libiya suka ƙi sa hannu, aka kore su tare da Ariyus.

Ƙura ba ta lafa ba. Bishop Atanasiyus na Iskandariyya, wanda ya tsaya kai da fata kan hukuncin Nikiya, sau biyar ana raba shi da kujerarsa. Sai a taron Kustantiniya na 381 aka tabbatar da hukuncin, aka ƙara bayani kan Ruhu Mai Tsarki. A 451 taron Kalsidon ya ce Almasihu cikakken Allah ne kuma cikakken mutum. Cocin Kibɗawa na Masar, da na Habasha a bayansa, ba su karɓi lafazin Kalsidon ba, ko da yake ba su musanta allahntakar Yesu ba.

Kafin wannan koyarwa ta taka ƙasar Hausa, Musulunci ya daɗe da sanar da mutane labarin Isa. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau karaga a 1855, an yi wani malami, Malam Ibrahim, da ya duƙufa kan ayoyin da suka ambaci Annabi Isa, har ya fifita shi yana wa'azin dawowarsa. Kamar yadda mabiyansa suka riƙe labarin, an tsire shi a Kasuwar Kurmi, jama'arsa suka watse zuwa wajejen Ningi. Su ake kira Isawa. Ba su ce Isa Allah ba ne. Girmama shi suka yi suna jiran saukowarsa.

A 1900 Bishop Tugwell na mishan ɗin CMS ya shiga Kano da tawagarsa, Sarki Aliyu Babba ya sallame su ba tare da ɓata lokaci ba. Ɗaya daga cikinsu, Likita Walter Miller, ya samu zama a Zariya a 1905. A 1913 waɗansu Isawa suka neme shi, kuma a gunsa suka ji cewa Isan da suke jira Kiristoci bauta masa suke yi. Waɗansu suka karɓi baftisma, aka kafa musu ƙauye a Gimi, ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna. A ƙarshen shekarun 1920 mishan ɗin ya koma Wusasa, inda mutane irin su Dokta R.A.B. Dikko da Farfesa Ishaya Audu suka yi karatu. A 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa.

Turawan mulki sun taƙaita wa 'yan mishan wa'azi a masarautun Musulmi, shi ya sa mishan ɗin SIM ya bi ta wajen jinyar kutare, kamar a Babbar Ruga kusa da Katsina, da ƙauyukan Maguzawa na wajen Malumfashi. A Nijar kuma ya buɗe tasha a Damagaram a 1924, da asibitin Galmi a 1950. Ƙasar Daura kuwa ta ci gaba da zama ta Musulmi kusan gaba ɗaya. Amma zuriyar Hausawa Kiristoci ta yi jijiya: a 2023 aka kafa dayosis ɗin Katolika na Katsina, aka naɗa Bahaushe, Gerald Mamman Musa, bishop ɗinsa na farko. Shaidar bangaskiyar da mabiyansa ke karantawa da Hausa ranar Lahadi ita ce wadda aka tsara a 325, aka kammala a 381.