Yadda Aka Faro Awon Fasahar Ƙasashe

Tun sa'ad da ƙasashen Afirka da Asiya suka fita daga hannun Turawan mulkin mallaka, masu tsara tattalin arzikinsu suka ci karo da wata mas'ala mai wuyar warwarewa, wato yadda za a auna fasahar al'umma, alhali kuwa ita fasaha ba hatsi ba ce balle a zuba ta a mudu.

Ma'aunin da ya fara samun karɓuwa an tsara shi ne a garin Frascati na ƙasar Italiya a shekarar 1963, inda masanan ƙungiyar OECD suka daidaita a kan ƙidaya kuɗin da ake kashewa wajen bincike, da adadin masu yin sa. Riga ce da aka ɗinka wa mawadata, amma ita shugabannin Afirka suka ara a taronsu na Legas a 1980, yayin da suka ƙudurta kowace ƙasa ta keɓe wa kimiyya da fasaha kashi 1 cikin 100 na abin da take samarwa a shekara.

Sai dai al'amarin Koriya ta Kudu ya tona naƙasun wannan ƙiyasi, domin ko da yake ta kafa cibiyar bincikenta ta KIST a 1966, asalin ɗaukakarta daga cikin masana'antu ya taso, inda ma'aikata kan kwance injin da aka sayo daga waje, su duba cikinsa, su ƙera irinsa, har daga bisani su gyara abin da mai shi bai hango ba. Da taƙlidi suka fara kafin su kai ga ijtihadi. Wannan ce hujjar da Sanjaya Lall na jami'ar Oxford ya kafa a 1992, cewa iya sarrafa fasahar wani da inganta ta shi ma ilimi ne da ake tarawa da gumi, kuma a ganina gaskiya ya faɗa.

A 2001 hukumar UNDP ta faɗaɗa awon, ta shigar da wayar tarho da wutar lantarki da shekarun karatu, ta jera ƙasashe 72 a ɗabaƙa huɗu, Finland a sama, Ghana da Sudan da Mozambik a ɗabaƙar ƙarshe. Lalle an matso kusa da haƙiƙa. Amma wanda duk ya taɓa tsayawa a kasuwar Panteka ta Kaduna, ya ga maƙeri a durƙushe yana narka tsohon gwangwani ya zuba tukunya, maƙwabcinsa kuwa yana haɗa injin niƙa daga ƙarafan da aka yar, almajiransa na kewaye da shi suna kallon hannunsa, zai san akwai ilimin da waɗannan jadawaloli ba su ƙidaya ba, kuma ministan da ya dogara da su kaɗai zai yi kasafinsa ba tare da waɗannan mutane sun faɗo masa a rai ba.