Yadda ƙwayoyin halittar cikin ƙasa ke narkar da fosfet ɗin da ya gagari shuka

Fosfaros, wato harafin P da ke jikin buhun NPK, shi ne sinadarin da ke ƙarfafa saiwa da cikar ƙwaya. Sai dai shuka ba ta iya shan sa sai ya narke a ruwa, kuma akasarin wanda manomi ya zuba ba ya daɗewa a narke. A ƙasa mai tsami, ƙarfe da alminiyum ne ke kama shi. A mai gardi kuwa, kalsiyam. Saboda haka abin da amfanin gona ke samu a daminar farko bai cika kai kashi ɗaya bisa uku ba.

Su wa ke kwance shi?

Bakteriya irin su Pseudomonas da Bacillus, da dangin fumfuna irin su Aspergillus da Penicillium. Suna taruwa a gindin saiwa, suna cin sukarin da take fitarwa, su kuma suna zubo asid iri-iri, ciki har da sitirik, irin na lemun tsami. Asid ɗin yana ƙara tsamin ƙasar da ke kewaye, sannan ya cafke kalsiyam ko ƙarfen da ya riƙe fosfet, sai fosfet ɗin ya kuɓuta. Wanda ke ɗaure cikin taki da ruɓaɓɓen ganye kuwa, wani sinadari mai suna fosfates da suke fitarwa ne ke ɓalle shi. Akwai kuma maikoraiza, fumfunar da ke shiga cikin saiwa ta miƙa siraran zare zuwa inda saiwar ba ta kaiwa.

Tun 1948 masaniyar Tarayyar Sobiyet, Pikovskaya, ta fito da gwajin da har yau ake amfani da shi: a shuka ƙwayar a faranti mai ɗauke da fosfet ɗin kalsiyam, idan ta narkar da shi sai a ga fili garau ya kewaye ta.

Me ya shafi siyasa?

Ƙasar noma a Arewa tana da ƙarancin fosfaros, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari na dutsen fosfet da duniya ta sani yana hannun Maroko. Da ita gwamnatin Buhari ta ƙulla yarjejeniyar taki a Disambar 2016. Alhali akwai wannan dutse a Sakkwato da Tawa ta Nijar, amma ɗanyensa ba ya narkewa da sauri. Nan ne waɗannan halittu ke da amfani, musamman idan aka cuɗa garin dutsen da takin gargajiya.

Amma ba su ƙirƙirar fosfaros. Wanda yake nan kawai suke kwancewa. Kuma wadda ta yi bajinta a ɗakin gwaji tana iya kasawa a gona, saboda zafi, fari da gogayya da halittun da ta tarar. Duk wanda ya tallata su a matsayin madadin takin zamani, a tambaye shi sakamakon gwajin gona.